Me ya sa log ba ya warware 2^x = x + 3, kuma ta yaya ake samo amsar?

Tambaya: Malam, na iya warware irin su 2^x = 32 da 5^x = 12 ba tare da wahala ba. Amma an ba mu 2^x = x + 3, na ɗauki log hagu da dama, x ya ƙi fita. Duk yadda na juya lissafin sai ya dawo mini. Akwai wata dabara ce da ban sani ba, ko tambayar ce ba daidai ba?

Amsa: Tambayar daidai take, kuma babu wata dabarar aljabara da aka ɓoye maka. Wannan lissafi yana da amsa, har guda biyu ma, sai dai ba irin amsar da za ka rubuta da tarawa, debewa, ninkawa, rabawa, rut da log ba ce.

Dubi inda x yake zaune. A hagu yana sama, a matsayin fawa. A dama yana ƙasa, ana tara shi da 3. Aikin log shi ne sauko da abin da ke sama, to idan ka ɗauka za ka samu x·ln2 = ln(x + 3), inda ln yake nufin log mai tushen e, lambar nan ta kusan 2.718. Ka sauko da x na hagu, amma ka kulle na dama a cikin log. Idan ka buɗe na dama, na hagu ya sake hawa. Da yawa daga cikin ɗalibai a nan suke faɗawa rami, su rubuta log(x + 3) = log x + log 3. Wannan ƙarya ce, kuma gwaji ɗaya ya isa: sa x = 1, hagu ya ba ka log 4 = 0.602, dama ya ba ka log 3 = 0.477. Log yana raba abin da aka ninka ne, ba ya raba abin da aka tara.

Kafin ka yanke hukunci cewa aljabara ta gaza, ka tabbata ba irin lissafin da ya sa rigar wahala ba ne alhali mai sauƙi ne. Tambayoyin WAEC da NECO da JAMB kusan duk an gina su ne yadda za su warwaru. Misali 4^x − 5·2^x + 6 = 0, ka kira 2^x da suna t, ya koma t² − 5t + 6 = 0, t ya zama 2 ko 3, x ya zama 1 ko kuma ln3/ln2 = 1.585. Shi ma 4^x + 6^x = 9^x yana da ban tsoro a ido, amma raba ko'ina da 4^x, ka kira (3/2)^x da suna t, za ka ga t² − t − 1 = 0, t = 1.618, x = 1.187. Abin da ya cece su shi ne 4 da 6 da 9 duk 'ya'yan 2 da 3 ne, kuma x bai taɓa saukowa ƙasa ba. Akwai kuma wanda ake cinkar amsarsa da ido, kamar 3^x + 4^x = 5^x, inda x = 2. Amma cinka ba ta isa ba sai ka nuna babu wata: raba da 5^x, ka samu (3/5)^x + (4/5)^x = 1, hagu kullum raguwa yake yi yayin da x ke ƙaruwa, don haka sau ɗaya tak zai taɓa 1. Naka lissafin ba ya cikin waɗannan. Da zarar x ya bayyana a sama da ƙasa lokaci guda, ko aka tara fawa-fawa na lambobin da ba su da dangi kamar 2^x + 3^x = 10, to ka ajiye aljabara ka ɗauko wani kayan aiki.

Aikin farko shi ne ƙidaya amsoshin, tun kafin a nemi ko ɗaya. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi cin maki. Kwaso komai gefe ɗaya: f(x) = 2^x − x − 3. Muna neman inda f ta zama sifili. Gwada lambobi cikakku. f(−3) = 0.125, f(−2) = −0.75, f(0) = −2, f(2) = −1, f(3) = 2. Alama ta juya sau biyu, tsakanin −3 da −2, da kuma tsakanin 2 da 3. Tunda layin f ba ya tsinkewa, ba zai tashi daga ƙasan sifili zuwa samansa ba sai ya ratsa ta sifilin. Bolzano ne ya kafa hujjar wannan a 1817, amma ko ba hujja hankali ya ɗauka. Saboda haka amsa biyu aƙalla. Ba za su wuce biyu ba, domin layin 2^x kullum sama yake lanƙwasawa, bai taɓa juya baya ba, shi kuwa x + 3 miƙaƙƙen layi ne, kuma miƙaƙƙen layi ba ya yanka irin wannan lanƙwasa fiye da wuri biyu. Wanda ya kawo amsar da ke tsakanin 2 da 3 kaɗai ya yi rabin aiki.

Hanya mafi aminci ta matso amsa ita ce raba tazara biyu. Kamar ciniki take a kasuwa, mai saye yana hawa, mai sayarwa yana sauka, har su haɗu. Mun san amsa tana tsakanin 2 da 3. Gwada tsakiya: f(2.5) = 0.157, sama da sifili, don haka amsa tana tsakanin 2 da 2.5. f(2.25) = −0.493, ta koma tsakanin 2.25 da 2.5. f(2.375) = −0.188. f(2.4375) = −0.020. f(2.46875) = 0.067. Bayan taku biyar mun san tana tsakanin 2.4375 da 2.46875. Hanyar ba ta ɓata muddin ka fara da alamomi biyu masu saɓani, amma tana da jan ƙafa: taku goma ne ke rage tazarar zuwa kashi ɗaya cikin 1,024, wato lambobi uku bayan ɗigo, taku ashirin kuma ya ba ka shida. Na fi son a yi ta sau uku ko huɗu kawai don a kusanci amsa, sannan a miƙa wa hanyar da ta fi sauri.

Mai saurin ita ce hanyar Newton da Raphson. Raphson ya buga tasa a 1690, kuma Simpson ne a 1740 ya rubuta ta da kalkulas yadda ake koyar da ita yau. Tunanin mai sauƙi ne. A wurin da kake tsaye, ka ɗauki layin mai lanƙwasa tamkar miƙaƙƙe ne, ka bi gangararsa har inda ta taɓa sifili, can ne sabon wurin tsayuwarka. A rubuce:

sabon x = x − f(x)/f′(x)

f′(x) ita ce gangarar layin f a wurin x. A namu lissafin f′(x) = 2^x·ln2 − 1. Kula da ln2 ɗin nan, 0.6931, domin mantawa da shi kuskure ne da ake yawan yi; e^x ne kaɗai gangararsa take daidai da shi kansa. Fara daga x = 3. f = 2, f′ = 4.5452, sabon x = 2.5600. Daga nan f = 0.3370, f′ = 3.0875, sabon x = 2.4508. Sake: f = 0.01646, f′ = 2.7896, sabon x = 2.44493. Taku na huɗu ya kai ka 2.44491, daga nan lambobin biyar ɗin ba sa ƙara motsi. Lura da yadda kuskuren ke raguwa: 0.115, sai 0.006, sai 0.00002. Idan ka kusa da amsa, kowane taku yana kusan ninka yawan lambobin da suka yi daidai. Daga x = −3 kuma taku biyu ya isa ya ba ka amsa ta biyu, −2.8625.

A kalkuleta ba sai ka riƙa kwafe lambobi a takarda ba. Danna 3, danna =, sannan ka rubuta Ans − (2^Ans − Ans − 3) ÷ (2^Ans × ln2 − 1), ka yi ta danna = har lambar ta tsaya. Wannan ya fi kyau ma, domin kalkuleta tana riƙe duk lambobinta. Wanda ke yanke lamba zuwa biyu bayan ɗigo a kowane taku ba zai taɓa samun amsa mai lamba huɗu daidai ba.

Yanzu ga inda Newton ke ɓaci, kuma ya kamata ka daɗe a nan. Ana raba f da f′, to idan f′ ta kusa sifili, takun zai yi tsawon da ba shi da kan gado. A namu, f′ tana zama sifili inda 2^x = 1/ln2 = 1.4427, wato x = 0.5288, ƙasan kwarin layin ke nan. Fara daga 0.5: f = −2.086, f′ = −0.0197, taku ɗaya ya jefa ka −105. Daga can kam za ka dawo, amma amsar ƙasa da sifili za ka faɗa wa, ko da ta sama kake nema. Fara daga 0.6: f′ = 0.0506, ya jefa ka 41.8. A can sama 2^x ya danne komai, f/f′ ya zama kusan 1/ln2, saboda haka kowane taku 1.44 kawai yake sauko da kai, sai ka yi kusan taku 27 kafin ka dawo kusa da 3. Mai kallo zai zaci hanyar tana aiki tunda lambar tana raguwa, alhali rarrafe take. Fara daga 0.53 kuwa, taku ɗaya zai kai ka sama da 2,400, kuma 2 mai fawa 2,400 ya fi ƙarfin kalkuletar da ke tsayawa kafin 10^100, ya ma fi ƙarfin lambobin da kwamfuta ta saba aiki da su, waɗanda iyakarsu wajen 10^308. Sai ta nuna maka kuskure. Tsakanin 0.5 da 0.6 babu nisa, amma sakamako uku daban. Shi ya sa teburin alamomin nan na farko ba ado ba ne.

Akwai maganin rarrafen. Maimakon f, yi aiki da siffar log ɗin da ka samu tun farko: h(x) = x·ln2 − ln(x + 3), da h′(x) = ln2 − 1/(x + 3). Amsoshinsu ɗaya ne, amma h ta kusa zama miƙaƙƙen layi idan x ya yi girma, Newton kuwa miƙaƙƙen layi yake so. Daga 41.8 ɗin nan, taku ɗaya ya dawo da kai 4.3. Sharaɗi dai kada x ya sauka zuwa −3 ko ƙasa, don log ba ya karɓar sifili ko abin da ke ƙasa da shi. Haka za ka yi wa 2^x + 3^x = 10: ka ɗauki ln(2^x + 3^x) − ln10, ka fara daga 2, nan da nan za ka iso 1.729. Amsarsa ɗaya ce tak, tunda hagu hawa kawai yake yi.

Idan ba ka kai ga kalkulas ba tukuna, juye-juyen da ka yi bai tafi a banza ba. Ka samu x = ln(x + 3)/ln2. Ka ce x ya dawo maka. To bar shi ya dawo: zuba lamba a dama, abin da ya fito ka sake zuba shi. Daga 2: 2.3219, 2.4119, 2.4361, 2.4426, 2.4443, yana matsowa 2.4449. Amma gwada ɗaya juyin, x = 2^x − 3. Daga 2.5 za ka samu 2.657, 3.307, 6.89, sai kusan 116, ya gudu. Daga 2.4, wanda yake dab da amsa, za ka samu 2.278, 1.850, 0.605, −1.479, −2.641, −2.840, ya bar amsar da ke gabansa ya tafi wa ta ƙasa. Dalili shi ne gangarar ɓangaren dama a wurin amsar. Idan girmanta bai kai 1 ba, kowane zagaye yana rage kuskure. Idan ya wuce 1, yana ƙara shi. A juyin farko gangarar a 2.445 ita ce 0.265, wato kuskure yana komawa kusan rubu'i a kowane zagaye. A juyi na biyu ita ce 3.77 a wannan wurin, amma 0.095 a wurin −2.8625. Kowane juyi da amsar da yake iya kamawa, kuma lissafi ɗaya ne.

Wataƙila malaminku yana son amsa a rubuce, ba lamba kawai ba. Nan ne W ta Lambert ke shigowa. Kamar yadda aka ƙirƙiri ln don juya e^x, haka aka ƙirƙiri W don juya w·e^w. Idan w·e^w = z, to w = W(z). Misali W(1) = 0.5671, domin 0.5671 × e^0.5671 = 1. Lambert ya taɓo irin wannan lissafi a 1758, Euler ya faɗaɗa shi a 1783, amma sunan da alamar sun zauna ne a shekarun 1990 ta hanyar manhajar Maple da wata maƙala ta 1996 wadda Corless da Knuth suke cikin marubutanta. Aikin duka shi ne ka tilasta lissafinka ya ɗauki siffar "abu sau e mai fawar wannan abun". Bi a hankali. Kira x + 3 da suna u. Lissafi ya zama 2^(u − 3) = u, wato 2^u/8 = u. Raba da 2^u: u·2^(−u) = 1/8. Mayar da 2 zuwa e: u·e^(−u·ln2) = 1/8. Abin da ke sama shi ne −u·ln2, abin da ke ƙasa u ne kawai, ba su yi daidai ba. Ninka hagu da dama da −ln2:

(−u·ln2)·e^(−u·ln2) = −ln2/8 = −0.08664

Yanzu sama da ƙasa sun zama ɗaya. Saboda haka −u·ln2 = W(−0.08664), kuma x = −W(−0.08664)/ln2 − 3.

Ina amsa ta biyu ta shiga? W tana da reshe biyu. Layin w·e^w yana sauka har zuwa −1/e, wato −0.3679, a wurin w = −1, sannan ya hau. Don haka duk z da ke tsakanin −0.3679 da sifili, w biyu ne ke ba da shi. Babban reshe, wanda ake rubutawa W₀, ya ba da −0.09531, daga nan x = −2.8625. Ƙaramin reshe, W₋₁, ya ba da −3.7741, daga nan x = 2.4449. Manhajoji irin su WolframAlpha da SciPy, idan ka kira W ba ka faɗi reshe ba, W₀ suke ba ka. A wannan lissafin kuwa W₀ ita ce amsar ƙasa da sifili, wadda yawancin mutane ba ita suke nema ba, sai su zaci sun yi kuskure a aljabara.

A ganina babban amfanin W ba samar da lamba ba ne, tunda ita kanta W da maimaici irin na Newton kwamfuta ke lissafa ta, kuma an tabbatar ba a iya rubuta ta da log da fawa da rut. Amfaninta shi ne tana gaya maka yawan amsa tun kafin ka fara. Idan z ya kai sifili ko ya wuce, amsa ɗaya. Tsakanin −0.3679 da sifili, biyu. Daidai −1/e, ɗaya. Ƙasa da haka, babu. Gwada da 2^x = x: za ka iso W(−ln2), −0.693 kuwa yana ƙasa da −0.3679, saboda haka babu amsa, kuma duk daren da ka kwana kana danna kalkuleta ba za ta fito ba. Ga dukkan dangin 2^x = x + k, iyakar ita ce k = 0.9139: ƙasa da haka layukan ba sa haɗuwa. Ba a aji kaɗai ake cin karo da W ba. Lambar 4.965 da ke cikin dokar Wien a fiziks daga (x − 5)·e^x + 5 = 0 ta fito, kuma injiniyoyi suna amfani da W wajen lissafin wutar da farantin sola ke bayarwa, inda wutar ke bayyana a sama da ƙasan lissafin lokaci guda. Sai dai tana da iyaka. Tana aiki ne idan fawa ɗaya ce ke fuskantar x na ƙasa; 2^x + 3^x = 10 ba ya shiga siffarta ko ta yaya.

Game da maɓallin SOLVE na kalkuletar Casio irin fx-991ES: hanyar Newton yake bi, don haka duk cututtukan da na lissafa yana da su. Amsa ɗaya yake bayarwa, wadda lambar farawa ta kai shi. Idan ya tambaye ka X, kada ka danna = kawai ka bar tsohuwar lambar da ke ajiye a ciki. Ba shi 3, ka karɓi amsa, sannan ka sake ba shi −3. Layin L−R da yake nunawa a ƙasa shi ne bambancin hagu da dama, ana son ya zama sifili. Idan ya ce ya kasa, wannan ba hujja ba ce cewa babu amsa, wataƙila wurin farawa ne bai yi ba. Zana layukan biyu a manhajar Desmos ko GeoGebra yana ɗaukar ƙasa da minti ɗaya a waya, kuma yana kashe wannan shakkar.

Wajen tantance amsa ma akwai tarko. Ƙanƙantar f ba kullum take nufin ka kusa ba. Kuskuren x kusan f/f′ ne, to idan gangara ta kwanta, f na iya zama ƙarama alhali kana nesa. Ɗauki e^x = e·x, wanda amsarsa x = 1. A 1.01, bambancin hagu da dama 0.00014 ne kacal, amma kuskurenka 0.01 ne, ya ninka bambancin sau saba'in. A irin wannan lissafi layin taɓa sifili kawai yake yi ya koma sama, ba ya ratsawa, don haka alama ba ta juyawa, hanyar raba tazara ba ta ganin amsar sam, Newton kuma yana rasa saurinsa, rabin kuskure kawai yake cirewa a kowane taku. Idan teburinka ya nuna f ta sauko dab da sifili ta sake hawa, nemi inda f′ ta zama sifili ka gwada f a wurin. A lissafin da alama ke juyawa kuwa, tantancewa mafi ƙarfi ita ce ka kama amsar ta gefe biyu. Don ka ce x = 2.445 daidai ne zuwa lamba uku, nuna f(2.4445) tana ƙasa da sifili, f(2.4455) tana sama. Za ka samu −0.0011 da 0.0016.

Ga wanda za ka gwada hannunka da shi: 2^x = x². Ido zai ba ka 2 da 4, amma idan f(x) = 2^x − x², f(0) = 1 kuma f(−1) = −0.5, don haka akwai ta uku a tsakaninsu. Idan za ka bi ta W, ɗauki rut hagu da dama, ka tuna rut ɗin x² yana iya zama x ko −x. Ɓangaren x zai kai ka W(−ln2/2), reshensa biyu su ba ka 2 da 4. Ɓangaren −x zai kai ka W(ln2/2) = 0.2657, reshe ɗaya, daga nan x = −0.7667.